Kilomita Uku Cikin Awa Shida

Na fito daga gida a Makera ƙarfe biyar saura kwata, ɗauke da allon rubutu da biro biyu. Watanni kaɗan ke nan da komawar sojoji bariki, lokacin ina akawun sito a wata ƙaramar masana'antar alewa a Kakuri. 'Yan kasuwar Kafanchan sun dame mu da ƙorafi cewa alewarmu na mannewa da ledarta, sai an sa haƙori. Manaja ya yanke hukunci: Mama Talatu ce ba ta dafa sukari ya nuna. Shekararta goma sha ɗaya a bakin tukunyar nan, ya ce ƙarshen wata za ta tafi.

To amma Manaja ya je wani kwas a Legas, ya dawo yana cewa yanzu mulkin farar hula ake, ba a hukunci sai da hujja. Ya ba ni takarda mai layi-layi. In bi motar kaya zuwa Kafanchan, a kowane zango in ɗebi alewa goma daga kwalin sama, goma daga na ƙasa, in ja ɗan layi ɗaya ga duk wadda ta manne. Akwai gurbin ramuka, na ruwan sama, na shingen bincike. Ya kuma zana mini ƙashin kifi, wai a jikin ƙayoyinsa zan rataya dalilai. Na ce to, alhali ban gane komai ba.

KAKURI, 5:30

Muka loda kwali tamanin a a-kori-kura, aka ja baƙin tamfol aka rufe. Na gwada: sama babu mai mannewa, ƙasa babu. Sannan muka jira Manaja, domin dokarsa ce ba ya sa hannu a takardar mai sai ya ga kaya a mota. Ya iso bakwai da rabi.

GIDAN MAI, 7:50

Layin ya miƙe har ba a hango kansa. Baba Ilu direba ya kashe mota, ya cire hula ya rufe fuska.

"Baba, awa nawa?"

"Malam Musa, su ma masu famfon ba su sani ba."

Na ci ƙosai da koko na naira ashirin. Masu acaɓa suna gardamar ko farar hula za su kawo mai, na sa baki kamar an gayyace ni. Ban taɓa kwali ba, tunda a ganina ba mu fara tafiya ba. Muka sha mai ƙarfe ɗaya da rabi. Na leƙa agogon mota: kilomita uku.

KUJAMA, 2:15

Na hau bayan mota da kuzarina. Kwalin sama, bakwai sun manne. Kwalin ƙasa, ko ɗaya. Na sake ƙirgawa, haka nan. Titi sumul muka biyo, ba ruwa, shinge ɗaya ne kuma ɗaga mana hannu suka yi. Na duba takardar sama da ƙasa, ban ga gurbin da zan zuba laifin ba. Don kada ta zauna fayau na rubuta "rami biyu, ƙanana".

KACHIA DA ZONKWA

A Kachia muka yi la'asar, muka ci shinkafa da wake. Sama bakwai, ƙasa babu. Daga nan hanya ta lalace, mota na tsalle har na ciji harshena. Raina ya yi fari, na ce yau na kama ɓarawona. A Zonkwa na buɗe ina sa ran goma cif. Bakwai.

Nan kaina ya kulle. In ramuka ne, me ya hana lissafin hawa? In Mama Talatu ce, ai tukunya ɗaya aka zuba na sama da na ƙasa. Ina ta tsotsar alewa ko baki zai gane abin da kai ya kasa, har ta gundure ni.

"Wai me kake nema ne?" in ji Baba Ilu.

"Wallahi Baba, da na sani da na faɗa maka."

KAFANCHAN

Mun iso bayan magariba. Madam Rifkatu, babbar dillaliyarmu, ta ba ni ɗakin ƙaninta, na kwana da ciwon ciki. Da safe muna shan shayi a shagonta ta karɓi ƙashin kifin ta juya shi.

"Wannan tarwaɗa ce ko karfasa?"

Na bayyana mata iya abin da na fahimta. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Ɗan'uwana, ni dai abin da na sani, in Baba ya iso da azahar, kaya lafiya lau. In ya iso da magariba, sai mu kama ɓamɓara."

Na juya wurin Baba Ilu. "Me ke sa wata rana azahar, wata rana magariba?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunansa. "Layin mai mana. Ba tare muka gasu jiya ba?"

Na ajiye kofin. Awa shida kwalayen sama suna ƙarƙashin baƙin tamfol cikin rana, ni kuma ina gefe ina gardamar siyasa. Alewar ta lalace ne ana jin ƙarar injin masana'antarmu daga inda take. Kunya ta kama ni sosai.

KAKURI, 2:40

Na shimfiɗa wa Manaja takardun. Ya bi lambobin da yatsa sau biyu.

"Me ya sa ba ku shan mai kafin lodi?"

"Ranka ya daɗe, ba a sa hannu sai an ga kaya a mota."

"Wa ya kafa wannan dokar?"

Na dube shi. Ya gyara tabarau. Can ya ce daga gobe a sha mai tukuna. Ya ƙara da cewa, murya ƙasa-ƙasa, jiya ya riga ya ba Mama Talatu takardar sallama, in je in ce ta dawo.

MAHUTA, 4:30

Na hau bas, na ƙarasa da acaɓa. Na tarar da ita tana tsintar wake a ƙofar ɗaki, idonta a kumbure. Na durƙusa na gaishe ta, na kwashe labari kaf ina jin kaina jarumi, har da nuna mata layin bakwai-bakwai. Ba ta ko dubi takardar ba.

"Musa, tun bara na gaya wa Manaja rana ce. Sau uku na faɗa."

"Me ya ce, Mama?"

"Ya ce ina hujjata." Ta watsar da wani tsakuwa. "Ni ba ni da biro ne, ɗana. Ka gaishe shi, Litinin zan zo."

Na isa gida Makera shida da rabi. Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya, na gode wa Baba Ilu da Madam Rifkatu. Takardar kuwa Manaja ya sa an manna ta a bangon ofis, da sunana a ƙasa. Na yi shekara huɗu ina wucewa ta gabanta kaina a sunkuye.