Barandar Direba

Satin da maigidana ya rasu, matakalar ƙofata ta tsage, masu zuwa gaisuwa suna ta tuntuɓe. Wata safiya na leƙo na ga maƙwabcinmu a durƙushe da bokitin siminti yana liƙe ta. Bai jira godiya ba. Aikin ma bai yi kyau ba, har yau a karkace take, amma ba wanda ya ƙara faɗuwa.

Direba ake ce masa, don a kan sitiyarin bas ya tsufa. Gidansu na gado ne, mai barandar katako da ginshiƙai masu koren fenti da ya koɗe. Shi ba kafinta ba ne, amma tun da ya ajiye tuƙi bai yarda wani ya taɓa gidan ba. Matarsa, wadda nake kira Yaya, takan zauna tana tsokanarsa.

"Direba, ƙusa ake bugawa, ba yatsa ba."

"Ke dai riƙe min tsani, sarkin surutu."

Sai Allah ya jarrabi Yaya da ciwon mantuwa. Tun tana manta tukunya a wuta har ta kai tana tambayar jikokinta 'ya'yan wane ne.

Ranar da babban ɗansu ya kai ta asibiti, Direba ya so faranta mata, ya shafe barandar da ƙofa da sabon shuɗin fenti. Da ta sauko daga mota sai ta tsaya a titi, ta dube shi.

"Bawan Allah, ina aka kai gidanmu?"

Ba rarrashin da ba a yi ba, ta ƙi shiga. A ɗakina ta yini tana kuka. Shi kuwa yana ta kankare fentin da wuƙa, hannunsa har da jini. Sai da tsohon koren ya fito a jikin ƙofa sannan ta shiga, tana masa faɗan ya ɓata mata tsakar gida.

Daga nan ya koma gyara kamar mai sata. In gara ta ci katako, sai ya bari ta yi barcin rana ya canza shi, ya goga masa ƙasa da baƙin mai har ya yi kama da tsoho. Fenti kuwa da toka yake dama shi. Akwai katako ɗaya mai ƙara a bakin ƙofa, ya ruɓe, amma tokare shi kawai ya yi ta ƙasa, don in ta taka ta ji ƙarar takan ce, "Alhamdulillahi, mun iso."

Sai dai gidan ya gaji. Kwano yana yoyo, ginshiƙi ɗaya ya sunkuya. Ta katanga na ji shi da babban ɗan nasu.

"Baba, rufin nan zai faɗo a kan Mama. Bari in kawo magina a rushe a yi na bulo."

"A yi wa wa? In ta fita ta ƙi dawowa, kai za ka kwana da ita a titi?"

Ni dai na rasa wanda zan ba gaskiya, sai addu'a.

Da damina ta kankama, Direba ya hau ɗaure ginshiƙin, tsani ya zame, ƙugunsa ya karye. Ana saka shi a mota ya yafito ni. Leɓensa ya bushe, yana magana da kyar.

"Maƙwabciya, na san yaron nan zai kawo magina, kuma ba zan iya hana shi ba. Ki roƙar min shi ya bar ƙofar yadda take. In kuma ta tsaya a titi ta ce ba gidanta ba ne, don Allah kada ki bari a ja ta. Ki kai ta ɗakinki, ki ce mata Direba ya tafi aiki, yana hanya."