Ƙarshen 'Yar Ƙofa na Huɗu

Lokacin sanyi ne, irin sanyin Jidda da ba ya wuce mutum ya ƙara mayafi ɗaya, amma shekarar ta yi mana nauyi. Ruwa ya sauka ya cika lungunan unguwarmu Nuzla har cikin ɗakuna, ga binciken takardu ya tsananta. Iƙamar babanmu, wato takardar izinin zamansa, ta mutu, kafilinsa da ya tsaya masa ya yi tafiya, sai aka hana mu yin nisa da gida. Shekarata tara a lokacin, ban taɓa shiga aji ba, don babu takardar da za a kai ni da ita.

Abin da ya rage mana shi ne talabijin ɗin maƙwabciyarmu, Ummu Salihu. Bayan la'asar mu baje a tabarmarta muna kallon wani katun na Japan da aka mayar Larabci. Labarin wata yarinya ne da jirgin ruwa ya sauke a bakin birni mai ganuwa, wanda ba a shigarsa sai da hatimi a tafin hannu. Ita ba ta da shi. Kullum tana ƙofa, kullum mai gadi yana korarta. Saura kwanaki kaɗan a gama, su Ummu Salihu suka kwashe kaya suka koma unguwar Safa, talabijin a bayan mota.

Na yi kuka har na ƙi cin abinci. Kakarmu, wadda muke ce wa Sitti, tana tsakar gida bayan magariba, gaban kaskon gawayin da take soya gyaɗar sayarwa. Ba ta taɓa kallon katun ɗin ba. Ta ce, "Zo nan, mai kukan akwati. Ina aka bar yarinyar?"

Na ce a ƙofa.

"To ai ba ta ɓace ba. Ku matso. Ga ta nan, wadda akwati ya gudu ya bari."

Muka matso, muka ce ta zo mu ji ta.

Sitti ba ta iya faɗin sunan da Larabawa suka sa mata ba, sai ta raɗa mata 'Yar Ƙofa. Kusan sati biyu tana ba mu labarin, gutsure-gutsure, ludayi na juya gyaɗa cikin yashi mai zafi, kuma daidai inda ya yi daɗi nan za ta tsaya ta ce an kira isha'i. A bakinta, 'Yar Ƙofa ta daina roƙon mai gadi. Ta tattaro duwatsu uku a gindin ganuwa, ta hura wuta, ta gasa kifin da ta kamo. Wasu da aka kora irinta suka ji ƙamshi suka zauna. Wannan ya kafa rumfa, wancan ya haƙa rijiya, wata ta fara ɗinki. Aka yi aure, aka yi suna, aka binne na farko. Wata rana mutanen birni suka leƙo ta saman ganuwa, sai suka ga gari. Da kansu suka fito sayen kifi, har mai gadin, ya tsaya a layi.

Yayana ya ce, "Sitti, to yaushe aka buɗe mata?"

Ta buga ludayi a bakin kasko. "Wa ya ce maka tana jiran a buɗe? Ƙurunƙus, kan mai gadi. Tashi ka yi alwala."

Da wannan ƙarshen na girma. Da shi na yi aure, na koma unguwar Madain Fahd, shi na ba 'ya'yana. Da shi na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da goyo, na zauna a benci ina koyon alifi da ba.

Kwanan baya babbar 'yata Rawan, mai son littattafan zanen Japan da suke ce wa manga, ta shigo kicin da wani tsohon littafi a hannu, tana dariya. Tana jin Hausa sarai, amma idan za ta yi magana rabi Larabci ne.

"Ya Ummi, na samo 'Yar Ƙofarki! Wallahi ita ce. Amma ƙarshen Sitti ba shi ne ba, ƙirƙira ta yi."

Na rage wutar girki na ce ta gaya mini yadda abin yake. Ta ce mai zanen a mujalla ya fara fitar da shi, sati-sati, daga baya aka tara shi littafi-littafi. A nasa, yarinyar ta gaji, ta hau jirgi ta koma teku. Masu katun kuwa sun riga shi kai ƙarshe tun bai gama zanawa ba, sai suka yi nasu: wani attajiri a birnin ya zama kakanta, ya buga mata hatimi. Da aka zo mayar da shi Larabci, aka sauya sunaye, aka yanke wasu wurare, kakan ya koma alƙali mai tausayi.

Na ce, "Nawa ke nan?"

"Uku. Amma na littafi ne asli, halas, magana ta ƙare."

"Masu katun sun nemi izininki kafin su sauya?"

"La'a, amma su kamfani ne, Ummi. Sitti gyaɗa take soyawa."

Ba na ɗaga murya, ban iya ba. Na dai ce mata, "Ɗaya ya kore ta, biyu sun sa ta jira mai tausayi. Dukansu babu wanda ya taɓa tsayuwa a ƙofar. Sitti ta tsaya shekara arba'in."

Ta ce yalla, tana da karatu, ta fita. Ban san ko ta ji ba. Abin da na sani shi ne yayana ya rasu, ƙannena sun manta, ni kaɗai na rage da labarin. Na mai zane yana takarda, na katun yana waya, na Sitti yana cikin kan mace mai hawan jini.

Sai da na girma na gane ba rarrashina kawai ta yi ba. Ta ga jikarta na kuka a kan yarinya marar hatimi, ta kuma san wace ce yarinyar. Ba ta yi mini alkawarin attajiri ba, don ba ta da shi a dangi. Duwatsu uku ta ba ni.

Washegari, bayan na idar da asuba, na ciro tsohon littafin rubutuna na yaƙi da jahilci. Haruffan Larabci kawai aka koya mini, da su na rubuta Hausar Sitti, shafi bakwai, hannuna na karkacewa, ban goge ko ɗaya ba. Na yage su a hankali, na buɗe littafin Rawan a shafin da jirgi ke tafiya, na cusa su a ciki. A saman na farko na rubuta: Bugu na huɗu, Nuzla. Sannan na mayar da shi jakarta ta makaranta, na je na ɗora shayi.