Sassaƙen Kaka a Dajin Beltsville

Shekarar da na gama digiri na biyu ban samu aiki ba, ina zaune gidan kawuna a Beltsville. Bayan layin gidajenmu akwai ɗan daji na hukuma, da rafi a tsakiyarsa. Sai labari ya zo cewa za a yanki rabinsa a ba masu gina gidaje. Maƙwabta suka kafa ƙungiya don a hana, yawancinsu 'yan fansho. Na shiga, wataƙila don harkar muhalli na karanta, wataƙila kuma don in samu dalilin fita daga gida. Ranar Asabar mukan tsince robobi, mu tuge ciyayin da ke shaƙe ƙananan itatuwa.

Wata Asabar shugabar ƙungiyar, wata Baturiya da ta daɗe tana koyarwa, ta kira mu mu ga wani abu. An ɓare bawon wata bishiya, faɗin tafin hannu, gefe biyu. Muka ƙara gaba muka ga wasu. Wani ya ce barewa ce, wani ya ce samarin unguwa ne. Ni na ɗaga kai na duba inda rana take. Kowace bishiya ta gabas da ta yamma aka sassaƙe ta, an kuma shafe raunin da ƙasa. Haka na taso ina ganin ana ɗibar magani a gida.

Kakata, mahaifiyar kawu, ta zo daga gida ganin likita saboda ciwon gwiwa, kawu ya riƙe ta a wurinsa. Kawu da matarsa sammako suke yi zuwa aiki, yaran kuma ko ta yi musu Hausa, da Turanci suke amsawa. Dajin nan kaɗai take zuwa da ƙafarta, kullum da hantsi, da sanda da 'yar jaka. Na sha ganin tukunya a kan wuta da ruwa jaja-jaja, ban taɓa tambaya ba.

Shugabar ta damu ƙwarai. Ta ce ranar da hukuma za ta saurari jama'a, masu gini za su iya nuna hoton itatuwan su ce daji ne da ba a kula da shi. Aka yanke a ɗaura kyamara a jikin bishiyoyi, a kuma sanar da 'yan sandan gandun daji. Ni kuwa na nufi gida.

Na samu Kaka a falo tana shafa man zafi.

"Maigida marar aiki," in ji ta, "an dawo daga sharar daji? Mazan wasu na kawo cefane, nawa ganye yake kawowa a takalmi."

"Kaka, sassaƙen nan da kike dafawa, daga bayan gida ne?"

"Daga Makka ne. To wa na kashe? Na ɗibi gabas, na ɗibi yamma, na bar mata sauran ta sha ruwa. Sai da na yi mata sallama ma."

"Amma ba ki san itatuwan ƙasar nan ba."

"Na ɗanɗana. Akwai wani kamar maɗaci, sai dai ba shi da ƙarfi, irin mijin nan nawa."

Na kasa dariya. Na yi mata bayani a hankali: dajin na hukuma ne, ko busasshen reshe ba a ɗauka, kuma bawon wasu itatuwan nan siriri ne, in an buɗe shi cuta na shiga. Na gaya mata maganar kyamara da 'yan sanda, na ce ban san iyakar inda abin zai kai ba, don da gaske ban sani ba. Abin da nake roƙo kawai ta bar wuƙar a gida, ta ci gaba da yawonta.

Ta rufe kwalbar man.

"Wato a daji ma ana ɗaukar hoton mutum?"

"Itatuwan ake tsaro, Kaka, ba ke ba."

"In je ina ɗingishi, wasu na zaune suna kallona a waya? Allah ya sawwaƙe."

Ta zaro wuƙar daga jakarta ta miƙo mini. Ba ta sake shiga dajin ba. Na ce zan riƙa raka ta, ta ce ba ta son ɗan rakiya mai ƙirga ganye.

Zaman hukuma ya zo, aka ɗage hukunci, aka sake ɗagewa. Har na bar unguwar ba a sare komai ba, ko da yake ba zan ce mu ne muka hana ba. Wasu raunukan sun warke. Wasu itatuwan sun kama ruɓewa, kuma ban iya tabbatar da ko wuƙarta ce sanadi ba.

Gwiwar Kaka kuwa ta sage a lokacin sanyin nan. Likita ya ce lallai ta riƙa tafiya. Kawu ya fara kai ta wani babban kanti ranar Lahadi, inda tsofaffi ke zagaye a kan tayil. Takan yi rabin zagaye, ta tsaya gaban masu sayar da takalma, ta ce a nemo mata kujera.