Albarka Mai Jinka, Wanda Ya Yaye Rumfar Zangon Kalgo

Da ya idar da sallar asuba, Baba Albarka yakan ɗauki laujensa ya zaga bukkokin tsohon zangon da ke bayan Kalgo. Ya ɗaure inda jinka ta saki, ya share bakin ƙofa. Bukka goma sha biyu ne, kuma yau shekara bakwai ba wanda ya kwana a cikinsu. Daga nan ya dama kununsa ya sha shi kaɗai. Yanzu gwiwa ta ƙi, ya ce bana zai ajiye lauje. Shi ya sa na ce sai na yi magana tun yana da kunnen ji.

Duk wanda ya ga shekarar marisuwa, tarin nan mai zazzaɓi da ya kwashe mutane, ya san zangon. Hukuma ta ce matafiyin da ya nufi Gwandu a tsare shi nan kwana goma. Aka kafa doguwar rumfa guda, aka raba ta ɗaki-ɗaki da zana. Lokacin sanyi ne, mu kuwa nan mai mura rufe shi muke yi ruf. Sai aka toshe kowace kafa, aka saki asabari, aka hura wuta a ciki. Tausayi ne, wallahi, amma tausayin nan ya ci rayuka. Mutum ya shigo da ƙafarsa lafiya lau, a fitar da shi a makara.

Albarka mai jinka ne kawai, gyaran rufi aka ɗauko shi daga Gwandu. Hassan, wani falken gishiri da aka tsare a rumfar, shi ya ba ni labari. Ya ce wata rana da hantsi Albarka yana kan tsani daga ciki, sai ya ga hayaƙin ɗakin wani mai tari yana haura zana yana sauka ɗakin wani baƙo daga Diggi. Mutanen nan biyu ba su taɓa gaisawa ba, ba su haɗa ƙwarya ba. Kwana uku, mutumin Diggi ya kwanta.

Albarka ya sami dogarin da ke gadi ya ce, "Ranka shi daɗe, hanyar da hayaƙi ya bi, ita numfashi ka bi."

Dogari ya ce, "Kai Albarka, mi kas sani ban da ciyawa?"

Albarka ya ɗauki laujensa. Ya yanko ciyawa, ya kafa bukkoki taki arba'in tsakani, kowace ƙofa ta ba 'yar'uwarta baya, ya bar kafar fitar hayaƙi a ƙololuwa. Sannan ya hau ya yaye rufin rumfar. Zagi kam ya sha shi! Hassan ya ce shi da bakinsa ya kira shi azzalumi, mai jefa marasa lafiya cikin sanyi. Amma har aka sallame shi bai ga wani lafiyayye ya sake kamuwa ba.

Baba, kai ne ka goya marasa lafiya ɗaya-ɗaya zuwa bukkokin. Kai ne mai kai ruwa, kai ne mai wanka in rai ya yi halinsa. Ciwon bai kama ka ba, sai muka ce ai a jikinka ya yi gida. Da annoba ta wuce ka dawo Gwandu, ka tsaya sahu a masallaci, aka dare aka bar ka. Matarka ta riga ta rasu, 'yarka Zulai mijinta ya hana ta zuwa. Ka tattara ka koma zangon. Kunya nake ji har yau, don ni ma ina cikin sahun nan.

Makon jiya na je wurin Baba Albarka neman gafara. Na yi sallama na miƙa hannu, sai ya ja da baya ya ɓoye nasa cikin riga. Ya ce, "Tsaya nan, Malam, ina jin ka. Kada in cuce ka." Ashe mun faɗa har shi ma ya yarda.

Mun gode, Baba Albarka, Allah ya saka maka da Aljanna. Masu yi wa baƙi masauki, ku koyi aikinsa. Sauranmu kuwa, Kalgo ba nisa. Ku je ku ci tuwo da shi a kwano ɗaya, in ya ce ku tsaya nesa, wannan karon kada ku ji maganarsa.