Inda Randuna Za Su Sha Rana

Yayata Hye-ran tun tana firamare take zana gidaje a bayan tsohuwar kalanda, Inna na faɗa tana ƙarawa. Da ta girma ta tafi Seoul ta karanci zanen gine-gine, ta shekara ashirin da biyu tana tsara benaye masu hawa talatin. Ranar hutu ma ba ta zama, sai ta ɗauki tef ta bi tsofaffin gidaje tana auna ƙofofi. Ni dai ban taɓa ganin nishaɗi irin wannan ba.

Shekarar da Inna ta faɗi a matakalar tsohon gidanmu na Gurye, babban wanmu Dong-pil ya ce a kai ta gidan tsofaffi kawai. Hye-ran ta ce sai dai bayan ranta. Ta zana gida, aka gina: babu matakala ko ɗaya, daɓe mai ɗumi, rufi mai faɗi da ya inuwantar da tsakar gida kaf.

Inna ta zaga da sandarta, ta taɓe baki.

"Ba zan zauna ba."

"Haba Inna! Me ya rage?"

"Ke da bokonki! Randunan daddawata a ina za su sha rana? A kanki?"

Dong-pil ya ce, "To, gwanar Seoul, a tayar da mota zuwa gidan tsofaffi ko?"

Wallahi na tausaya mata. Mai ɗaga bene hawa talatin, ga randuna goma sha ɗaya sun kayar da ita. Amma ba ta yi musu ba. Ta kwana bakwai a tsohon gidan tana bin Inna, tana kallon lokacin da take buɗe murafen randuna da lokacin da take rufewa, tana shata iyakar rana da alli. Sannan ta sa aka datse rufin kudu na sabon gidan, rufin da ta fi alfahari da shi, aka yi wa randuna dakali daidai ƙugun Inna don kada ta sunkuya.

Ranar tarewa Inna ta buɗe randa, rana ta sauka a ciki. Ta lakato daddawa da yatsa ta sa wa Hye-ran a baki.

"Ashe kuɗin makarantar bai faɗi ƙasa banza ba."

Yayata ta yi dariya har da hawaye. Ba ta koma Seoul ba. Yanzu tsofaffin Gurye take yi wa gidaje, kuma kafin ta ɗauki fensir sai ta tambaya: "Iya, randunanki nawa?"