Bayan Idon Mai Agogo

Ƙanena mai gyaran agogo ne, kuma tun yana yaro ba a gaya masa dalilin lalacewar abu ya yarda, sai ya buɗe ya gani. Da agogon bangon mahaifinmu ya fara, ya kwance shi. Ya sha duka a kansa, amma da ya mayar da shi sai agogon ya kama tafiya, bayan ya daɗe a tsaye. Daga nan sunan Mai Agogo ya bi shi.

Shagonsa yana ƙarƙashin matakalar wani bene kusa da tashar mota, mutum biyu ba sa juyawa a ciki. Tebur ɗaya ne, da fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gilashin da yake maƙalawa a ido, da 'yan ƙusoshin da sai ka riƙe numfashi kafin ka ɗauka. A nan ya ciyar da iyalinsa har furfura ta fito masa. Mutum ne mai taurin kai da rowar magana. Ƙarya dai ban taɓa kama shi da ita ba, ni kuwa da na goya shi ba na raga masa.

Da ciwon suga ya same shi, ya bi doka kamar soja. Ya bar zaƙi, ba ya tsallake magani. Shekaru suka wuce lafiya. Sai rana tsaka ƙafafunsa suka kumbura, fuska ta hau, fitsari ya riƙa kumfa. Gwaji ya nuna ƙodarsa tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe. Kafin a dawo gida dangi sun yanke hukunci: suga ya ci ƙoda, saura jiran ranar da za a ɗora shi a injin wankin jini.

Babban ɗansa ne ya ƙara wa wutar itace. Ya je rufe shagon, ya tarar da kwalaben lemo a jere a ƙarƙashin tebur, ya kwaso su a buhu ya dire a gaban kowa.

"Baba, ashe a ɓoye kake sha."

"Fetur nake zubawa a ciki, na wanke cikin agogo."

"To wa ya shanye lemon kafin a zuba fetur ɗin?"

"Mai facin taya na gefena."

Aka yi dariya. Na ga abin ya fi kumburin yi wa Mai Agogo ciwo. Ni kuma abin da ya dame ni daban ne. Muddin kowa ya yarda shi ya jawo wa kansa, ba wanda zai nemi wani dalili. Na ce masa ya sa takalminsa, in zai shiga, mu tafi wurin likitar ƙoda.

Likitar ba ta kai 'yata shekaru ba, amma ta iya tambaya. Kumburin a hankali ya zo ko farat ɗaya? Yana yawan shan maganin ciwon jiki? Jiƙe-jiƙe fa? Ta auna hawan jininsa, sannan ta ce, "Baba, ina so a duba idonka."

Ya ɗaure fuska. "Yarinya, da idon nan nake zare wayar cikin agogo mai kama da gashi. Ƙoda na kawo miki."

Ta yi masa bayani. Ƙananan jijiyoyin jini ne suke tace jini a ƙoda, irinsu ne kuma a bayan ido. Idan suga ya lalata na ƙoda, yawanci ya riga ya bar sawu a na ido. Ido kuwa ana iya leƙawa ba tare da an yanka ba.

Aka ɗiga masa magani a ido, ƙwayar idon ta buɗe, komai na kusa ya dushe. Muna zaune a benci ya ɗaga hannunsa ya kasa karanta agogonsa.

"Yaya, ƙarfe nawa?"

"Yau dai Allah ya nuna mini ranar da ka tambaye ni."

Hoton bayan idon ya fito tas, babu sawun suga. Likitar ta ce wannan bai isa hujja ba, amma idan ta haɗa shi da saurin kumburin, ba ta yarda suga ne ba. Hanyar sani ɗaya ce: a sa allura ta bayansa, a ciro ɗan naman ƙoda siriri kamar zare, a duba. Ta faɗi gaskiya cewa ana iya zubar da jini.

Ɗansa ya ce a bar tsoho ya huta, me za a gano da ba a sani ba? Mai Agogo ya dube shi da idon da har lokacin bai washe ba.

"Kullum sai an kawo mini agogo an ce batir ne. Ban taɓa yarda ba sai na buɗe bayansa. Likita, ki buɗe."

Ya kwanta rub da ciki, aka yi, bai ko yi nishi ba. Sakamako ya nuna ba suga ba ne. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar matatar ƙodar, ciwon kuma yana jin magani. Maganin ya tayar masa da sugan na wani lokaci, har sai da ya koyi yi wa kansa allura, hannunsa kuwa ba ya rawa. Ƙodar ba ta koma sabuwa ba, amma kumburi ya sauka, kuma har yau bai hau injin nan ba.

Da ya koma aiki, ɗan nasa ya zo shago da gwangwani mai murfi, sabo fil, ya ce ga abin zuba fetur, a zubar da kwalaben. Ban haƙurinsa ke nan, bai iya wani ba. Mai Agogo ya juya gwangwanin, ya ce mai kyau ne, ya zuba tsofaffin batura a ciki. Kwalaben kuwa ya ɗauke su daga ƙarƙashin tebur, ya jera su a sama, inda duk mai shigowa zai gani.