Hannun Toma da Hannun Jafaru

Malam Jafaru ya shekara talatin yana ɗinki a kasuwar Sabon Gari kafin ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A asibitin Shika ya kwanta kusa da Toma, tsohon malamin firamare daga Samaru, mai irin ciwonsa.

Bayan wata shida suka haɗu wajen gashin ƙashi a asibiti. Toma ya miƙo masa hannun dama, alhali na Jafaru na kwance kan cinya. Jafaru ya koma gida ya kasa cin tuwo.

"Ya girme ni fa, kuma nasa ya fi tsanani," ya ce wa matarsa Zubaidatu. "Wane magani ake ba shi?"

Ta je ta tambayo matar Toma. Ashe likita ce ta ce ƙwaƙwalwa kan koyi sabuwar hanya in ana maimaita abu, shi ya sa kullum Toma ke tsintar wake ɗaya-ɗaya.

Jafaru ya sa aka juye masa maɓallai a faranti, ya duƙufa. Kafin damina ta wuce ya riƙe almakashi. Sai ya ji Toma ya fara rubutu, kuma har yau bai taya shi murna ba.